Kaset ɗin da Ya Ƙi Magana

Shekara tara da rasuwar Baba, Mama ta ce mini ta manta muryarsa. Tana ninke kayan wanki ta faɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Fuskarsa tana nan a hotuna, in ji ta, amma in ta rufe ido ta ce bari ta ji yadda yake kiranta, sai shiru. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Akwai kaset ɗin bidiyo guda ɗaya a gidanmu, na ranar da muka tare a wannan gida. Na sauko da tsohon akwatin bidiyonmu daga saman kabad, na goge shi, na sayo sabuwar waya mai kai uku. Rawaya ta hoto ce, fara da ja na sauti. Bidiyon namu ramin sauti ɗaya gare shi, don haka na bar jar tana lilo, na bi rubutun bayan akwatin tiryan-tiryan: daga ramin fita zuwa talabijin.

Hoto ya fito tangaran. Ga Mama da ƙuruciyarta tana jan katifa, ga ni da haƙora biyu a fice. Sauti kuwa ko tari babu. Matsalar ita ce Baba ne ya riƙe kyamarar ranar, bai fito ko sau ɗaya ba. In babu sauti, babu shi.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na sauya waya sau biyu. Na ƙure ƙarar talabijin. Yayana ya zo da iyayinsa, ya cire ya mayar daidai inda na sa, ya ce kaset ɗin ne ya mutu. Na ce masa da ma ya bari mu ji daga bakin masana. Kullum muka kunna kuma sai layuka su ƙaru a hoton, zaren kaset ɗin yana cinyewa. Mama ta ce a bari haka nan kada a rasa duka.

Ban bari ba. Ranar Asabar da hantsi na tafi bayan kasuwa wurin tsohon mai gyaran rediyo, abokin Baba. Shagon nan nasa ko wurin sa ƙafa babu, sai gawarwakin rediyo da warin dalma. Ya saurare ni, ya sa hularsa, ya ce mu je.

Da ya gaisa da Mama, ya durƙusa bayan talabijin da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zare farar wayar daga bidiyon, ya taɓa tsinin da yatsa. Talabijin ya yi wani gurnani.

"To, wayarki lafiya lau, talabijin ma haka," ya ce. Ya juya bidiyon, ya kai ido kusa, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Baba, me ya faru?" na tambayi tsohon, raina ya soma ɓaci.

"Ke ce ya faru, 'yata. Kina rarrafe kika fizgi waya kika karya ramin sautin nan. Na ce wa babanki ya kawo in sa sabo, ya ce shi ba ya jira. Ya ari ƙarfen dalmata, ya buɗe cikin, ya mayar da sautin ramin da ke kusa, na shiga. Duk mai bin rubutu sai ya kwana bai ji komai ba."

"Halinsa ke nan," in ji Mama. "Ba ya gyara abu yadda mutane ke gyarawa."

Tsohon ya matsar da farar wayar rami ɗaya zuwa hagu. Iyakar aikin ke nan. Ya ce in kunna.

Da farko ƙarar jan katifa ce ta fito, da kukan wani yaro a waje. A hoton, Mama ta hango kyamara ta kare fuska da hannu ta juya baya. Sai muryar Baba ta zo, kusa sosai, tana da ɗan kaushi, ya fi yadda nake tunawa saurin magana.

"Haba, uwargida. Juyo mana in gan ki."

Yayana da ke tsaye bakin ƙofa ya fita tsakar gida da sauri. Mai gyaran rediyo ya cire hularsa yana murza ta. Na so in yi masa godiya, sai na kama hannunsa mai tabon ƙuna na riƙe da hannu biyu. Har yau ban san da me zan saka masa ba.

Mama ta matso bakin kujera. Matar da ke cikin talabijin har yanzu ta ba da baya tana dariya, muryar kuma ta sake roƙonta.

"Ga ni," Mama ta ce a hankali. "Ai na juyo."