Eriyar da Aka Yi wa Walda

Malam Kamilu ba mugu ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Saurin fushi ne da shi, shi ke nan. Malamin firamare ne da aka turo Safana, ya kama haya katanga ɗaya da Baba Alu, wani manomi da rashin tsaro ya taso daga Runka shi da matarsa Saude.

Eriya ɗaya ce ke ba gidajen biyu hoto. Tana can bisa dogon bututun ƙarfe a jikin katangar tsakiya, wayoyi biyu sun sauko, kowa da dikodarsa. Sai dai tashoshin ba waje ɗaya suke ba. In ta dubi gabas ta kamo na wajen Katsina, inda Malam ke kallon labarai. In aka murɗa ta yamma ta kamo na wajen Zamfara, waɗanda tsohon ke so. Ga talabijin ɗin zamani ba ta san rabi da rabi ba, ko hoto tar, ko allo baƙi ƙirin.

To, Malam na tsakiyar labarai sai ya ga mai karantawa ya ƙame da baki a buɗe. Ya leƙa, ga Baba Alu riƙe da bututu yana murmushi.

"Yi haƙuri Malam, tafsiri kaɗai zan saurara."

Yau haka, gobe haka. Ran kasuwar Batsari, tsohon ya hau a-kori-kura ya tafi sayar da gyaɗa, Malam ya kira Rilwanu mai walda, aka liƙe bututun da ƙarfen katanga yana duban gabas. Bai gaya wa kowa ba. Har daɗi ya ji, wallahi. Kuma da yake kaka ce, Baba Alu na gona wuni, bai ma lura ba.

Ran Juma'a bayan la'asar Malam ya ji hayaniya a maƙwabta. An shimfiɗa tabarmi, matan Runka da ke gudun hijira a unguwar sun cika tsakar gidan. Sai ga sallamar Baba Alu, ya sha babbar riga, yana haki.

"Malam, mi ya samu ƙarfen ga? Ya ƙi juyawa. Ɗiyata Zuwaira ta bugo waya, yanzu za a nuno ta a shirin mata."

Malam ya san labarin Zuwaira. Ungozoma ce a wani asibiti can wajen Zamfara, kuma tun da hanya ta lalace iyayen ba su sa ta a ido ba, sai dai murya a ƙaramar waya.

Malam ya rarumi filaya, ya jingina tsani, ya haye. Waldar ta kama gam, ba ta da niyyar sakewa. Sai ya kwance eriyar daga kan bututun, ya tsaya bisa katanga yana riƙe da ita da hannu biyu, ya juya ta yamma.

"Ta kawo?"

"A'a!" in ji matan.

Ya ƙara murɗawa. "Yanzu fa?"

"Babu!"

Nan ne ya yi wautar. Ya saba da talabijin irin ta da, wadda kana juyawa kana ganin hoto na washewa. Ita kuwa dikoda sai an tsaya cak, an ba ta ɗan lokaci ta kama. Shi ko don gaggawa, yana ta wuce tashar, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Sau ɗaya murya ta fito, ta ce "haihuwa a gida", Saude ta yi ihu ta ce, "Ita ce! Tsaya nan!" Ina, hannunsa ya riga ya gota.

Sai da hannayen suka gaji suka tsaya don kansu hoton ya zauna. Daga bisa katanga Malam na jin mai gabatarwa tana godiya, kiɗan rufe shiri ya taso.

Ya sauko da ƙyar. Kunya ta hana shi shiga, ya tsaya bakin zaure da filaya a hannu. Da ma tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma Baba Alu ya dubi baƙin tabon walda a jikin bututun, ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Sannan ya juya wajen matarsa, don shi yana waje riƙe da tsani sa'ad da hoton ya zo.

"Saude, kin gan ta? Ta rame ko ta yi ƙiba?"

Saude ta goge ido da bakin mayafi.

"Ta riga ta miƙe," ta ce. "Bayanta kaɗai na gani."