Guntun Sabulu a Aljihun Malam Datti

Malam Datti ne ke kula da ban ɗakunan kasuwar tumatir da ke bakin titin Zariya. Ƙofa shida ne, huɗu na maza a jere, biyu na mata ta baya. Da can manomi ne, yana da fili a bakin kanal, shinkafa da damina, tumatir da rani. Shekarar da amai da gudawa ya shigo ƙauyensu, matarsa Kubra ta kwanta da hantsi, kafin la'asar ta washegari an kai ta makwanci. Wata malamar asibiti da aka turo ta tara su ta ce ciwon nan a hannu yake tafiya, daga ban ɗaki zuwa kwano. Kowa ya ji, kowa ya manta, ban da shi. Da gwiwoyinsa suka gaza shiga laka, sai ya bar wa ɗan ƙanensa gonar, ya karɓi aikin da kowa ya ƙi.

Ya kafa durom mai famfo a bakin ƙofa. Ya huda sabulu ya ɗaure shi da igiya don kada ya yi ƙafa, ga kuma gwangwanin toka a gefe saboda ranar da sabulun ya ƙare. To amma ka san halin mutanenmu. Mutum ya fito da buta, ya goga hannun hagu a ƙasa ko a jikin bango, ya ɗauraye da ragowar ruwa, shi ke nan a ganinsa ya fita fes, sai ya koma yana tsintar tumatir ɗin da wani zai ci.

"Malam, ga sabulu," in ji Malam Datti.

"Ai na yi tsarki, Baba."

"Wancan na salla ka yi. Wannan na tuwo ne. Dawo!"

Wasu su dawo suna ƙunƙuni, wasu su wuce abinsu. Shi dai duk kasuwar babu hannun da bai san labarinsa ba.

A unguwarsu dattawa na ciyayya a ƙofar gidan Uba, abokinsa tun na kaciya. Ana idar da magariba kowa ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Tun da Malam Datti ya kama aikin ban ɗaki, ba wanda ya buɗe baki ya kore shi. Sai dai wata rana ya ga an tura kwanonsa gefen tabarma, ba wanda ya buɗe. Bilya dillali kuwa ya daina miƙa masa hannu, sai dai ya dafa ƙirji daga nesa. Malam Datti ba yaro ba ne. Ya ɗauki kwanonsa ya koma zaurensa, kuma shekara biyu ke nan a can yake cin tuwon da matar ɗan ƙanensa ke aiko masa, shi da rediyo.

Ran nan da safe sai ga Uba ya tsaya a kansa a kasuwa.

"Datti, abin ya isa haka. Tsufa ya kama mu, saura mu nawa? Yau ka fito da kwanonka."

"Su Bilya fa?"

"Ƙofar gidan Bilya ce ko tawa?"

Malam Datti ya sunkuya yana gyara igiyar sabulu, don kada Uba ya ga idonsa.

A wunin nan sau uku Uba yana shiga ban ɗaki, dafe da ciki. Ya ce wani ɗanwake ne da ya ci a gona bai karɓe shi ba. Kuma duk fitowar a gurguje yake yi, saboda ana loda kwandunansa a mota. Ya goga hannu a ƙasa, ya zuba ruwan buta, ya wuce durom ɗin ko kallo. Malam Datti ya buɗe baki, ya rufe. Tun da ya fara aikin nan, ranar ce ta farko da ya bar mutum ya wuce bai tanka ba.

Da yamma ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya jefa guntun sabulu a aljihu kamar yadda ya saba, bai ma yi tunani ba.

Dattawa biyar ya tarar a kan tabarma. Aka matsa masa ya zauna. Aka tambaye shi gwiwa, ya ce da sauƙi. Aka taɓa hirar ruwan kanal da ba a sako ba kwana huɗu, da tsutsar da ta addabi tumatir bana. Ya ji muryarsa tana fita a cikin mutane, har ya yi dariya sau ɗaya, dariyar ta ba shi mamaki.

Sai aka kawo ruwan wanke hannu a roba ɗaya, yadda aka gada. Uba ne mai gida, shi ya fara tsomawa, ya tura wa na kusa. Roba ta zaga. Kafin ta iso gaban Malam Datti ruwan ya yi fari-fari. Uba kuwa har ya buɗe kwanon miya, ya naɗe hannun riga, don shi ke raba nama da hannunsa ya ajiye wa kowa a gabansa.

Malam Datti ya kalli ruwan. In ya tsoma hannu ya yi shiru, gobe ma yana da wurin zama, da jibi, har ranar da za a ɗauke shi. Ya kalli yatsun Uba a saman miya. Ya tuna yadda idanun Kubra suka faɗa cikin wuni ɗaya.

"Uba, dakata."

Ya zaro sabulun ya ajiye a kan tabarma.

"A kawo buta, a zuba wa kowa daban. Kai ka fara. Yau sau uku ka shiga wurina, ba ka taɓa sabulu ba."

Bilya ne ya fara magana, yana kallon sama.

"To fa! Sarkin masai ya zo koya mana tsafta."

Uba bai yi dariya ba.

"Datti, a ƙofar gidana? A gaban mutane za ka ƙirga mini shiga ban ɗaki? Ni da na rufe ido na kira ka?"

"Da na gaya maka tun da rana, ban yi ba. Wannan laifina ne. Amma ba za ka sa hannun nan a miya ina zaune ba."

"To tashi."

Ya tashi. Gwiwar ta ƙi, sai da ya dafa bango, kuma ba wanda ya kama shi. Ya ɗauki kwanonsa, ya bar sabulun a inda yake. A zaure ya kunna rediyo, ya zuba wa kansa ruwa da buta, ya ci loma uku ya rufe.

Washegari da hantsi Uba ya zo kasuwa. Ya shiga ƙofa ta uku ba sallama. Da ya fito ya wuce durom da taku huɗu, sannan ya tsaya. Ya dawo, ya buɗe famfo, ya kama sabulun igiya ya cuɗa hannu har tsakanin yatsu, fuska a murtuke, idonsa a kan motocin da ke titi. Ya yarfe ruwan, ya tafi.

Bai ce masa ya fito da kwano ba, ranar ko bayanta.

Malam Datti ya bi shi da kallo har ya shige cikin rumfuna. Sannan ya tashi ya matse famfon, don Uba ya bar shi yana ɗiga.