Jumare Bai Yi Kira Ba

Shekarar da Nasara ke ɗiban mutane zuwa haƙar kuza, sunan Bube ya fito cikin waɗanda za a ɗauka daga Fakku. Bube ɗan fari ne ga yayana Jumare, magidanci ne, matarsa Ni'imatu na da tsohon ciki. Cikin waɗanda aka ɗiba kafin su, uku kawai suka dawo, su ma da tari. Don haka da aka ji 'yan doka sun sauka Kebbe, Jumare ya ba Bube goran ruwa da dunƙulen fura, ya tura shi wani kogo cikin duwatsun da muke kai shanu da damina.

Akwai abin da ya gaya masa wanda ban sani ba sai da komai ya lalace. Ya ce masa 'yan doka kan tasa dangin mutum gaba su sa su yi ta kira, saboda haka kada ya amsa wa kowa sai ya ji muryar ubansa.

'Yan doka suka kwana biyu, suka tafi da waɗanda suka samu. Jumare ya je kogon ya tarar babu Bube, babu gora. Bazara ce, rana kamar wuta, kowa ya gane ƙishi ne ya fitar da shi neman ruwa.

Mu huɗu muka shiga dajin: ni Sambo, da Jumare, da Dogo maharbi mai bin sawu, sai Malam Attahiru surukin Bube, wanda ya zo daga Tambuwal duba 'yarsa ya tarar da wannan tashin hankali. Dajin nan ba shi da kirki. Marmara ce mai yanka ƙafa, ga sarƙaƙiya tana fizgar riga, ga kwazazzabai da ruwa ya haƙa, wasu sun fi tsayin mutum uku. Kan dutse sawu ba ya zama. Dogo ya yi ta sunkuyo har bayansa ya ƙage, abin da ya samu bai wuce karyayyen reshen sabara ba.

Muka yi ta kira. Ni na kira, Dogo ya kira, Malam Attahiru da tsufansa ya kira har muryarsa ta dishe. Jumare kuwa yana can baya da sandarsa a kafaɗa, yana duban ƙasa, sai ka ce akuya ce ta ɓata. Ban yi mamaki ba. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, balle a gaban suruki. Yayana kuma ya fi kowa riƙe wannan. Ranar da aka haifi Bube, kiwo ya tafi bai dawo ba sai bayan suna. Mun sha yi masa tsiya a kai, shi kuma yana jin daɗi, don a ganinsa yabo ne. Iyakar abin da ya yi a dajin shi ne gyaran murya, wanda ko ni da ke gabansa da ƙyar nake ji.

Muka yini biyu a haka. Ruwanmu ya kusa ƙarewa, leɓunanmu suka tsage. Rana ta uku da hantsi muka zauna ƙarƙashin wata kalgo, Dogo ya ce a ganinsa mu koma, ko kura ce ta riga mu. Sai Jumare ya taso. Ya jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya don kada surukin ya ji.

"Sambo, ni nac ce mai kash shi amsa ma kowa in ba ni ba."

Na tsaya ina kallonsa. "Yaya, mi kac ce?"

"Na aza in ya ji taka shina amsawa. Ya san muryakka."

Ban taɓa ɗaga wa Jumare murya ba tun da aka haife ni, amma ranar na yi. Na ce masa kwana biyu muna yage maƙogwaro yana biye da mu kamar baƙo, ya bar ɗansa a daji don kada a ce ya yi rashin kunya. Na faɗi maganganun da har yau nake neman gafarar Allah a kansu, kuma ban janye ko ɗaya ba. Malam Attahiru ya ji komai. Ya juya mana baya ya fuskanci dutse, don ya sauƙaƙa wa Jumare.

Muka koma ta inda muka fito. Jumare ya shiga gaba. Kiran farko bai fita ba, sunan ya maƙale masa, bakinsa bai saba da shi ba. A na biyu ya fita, da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya yi ta kira yana tuntuɓe, jini na zuba a ƙafarsa, har la'asar.

A bakin wani kwazazzabo da muka bi tun ranar farko muka ji amsa, siririya, daga ƙasa. Bube na kwance a gindin gaɓa, sarƙaƙiya ta rufe shi. Ƙafarsa ta karye, ƙashi ya fito, ta kumbura ta yi baƙi har cinya, ƙudaje sun taru. Jumare ya gangara da gindi, ya ɗaga kan Bube ya ɗora a cinya, ya ɗiga masa sauran ruwan.

Bube ya buɗe ido ya dube shi. Ba da fushi ya yi maganar ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin aikin da aka sa shi ya kuma yi daidai.

"Baba, shekaranjiya kun wuce ta nan. Na ji Baffa Sambo, na ji Malam. Ban amsa ba, kamar yadda kac ce."

Muka sare itace muka ɗaure da rawunanmu, muka ɗauko shi. Jumare ya hana kowa karɓarsa a gefen kai. Ana hango bishiyoyin Fakku Dogo ya ce mu sauke, ya duba Bube, ya rufe masa ido.