Keken Ɗinki a Sansanin Agaji

Bayan da ƙasar tsauni ta zaftaro ta binne rabin unguwar da ke gindinsa, sai aka kwashe waɗanda suka tsira zuwa makarantar firamare. Aka ture bencuna jikin bango, aka shimfiɗa tabarmi, kowane aji ya zama masaukin iyalai.

A cikinsu akwai wata mai ɗinki da kowa ke kira Goggo. Ranar da abin ya faru ruwan sama ne ya tsare ta a kasuwa, wajen sayen zare. Ko da ta dawo, babu shago, babu gida, babu ƙanwarta da suke zaune tare. Sai washegari aka tono gawar. Tun daga nan Goggo ta samu kusurwa a ƙarƙashin allo ta zauna. In an yi mata gaisuwa, kai kawai take ɗagawa.

Kayan agaji kam sun zo: abinci, barguna, bokitai, da dilolin tufafi. Sai dai masu kyautar sun bayar da zuciya ɗaya ne ba tare da sun san jikin kowa ba. Ma'aikaciyar ƙungiyar agajin, wadda ake ce wa Anti, ta yi ta fama da rabo, kayan suna ƙin zama a jikin mutane.

Wata safiya wani tsoho mai gyaran rediyo, siriri kamar kara, ya shigo ajin riƙe da ƙugun wando da hannu biyu.

"Anti, wandon nan ni kaɗai aka ba, ko da maƙwabcina za mu shiga?"

Ajin ya kwashe da dariya, har da waɗanda suka kwana suna kuka. Goggo ta dubi wandon, bakinta ya suɓuce. "A rage ƙugu, a datse ƙafa. Ba wani aiki ba ne."

Anti ta juyo da sauri. "Goggo, za ki iya?"

"Da me, 'yar nan? Kekena yana can cikin laka."

Anti ta faɗa wa direban motar agaji, shi kuma da ya shiga gari ɗauko kaya sai ya ratsa ta layin teloli ya ba su labari. Wani tela ya jawo tsohon kekensa daga bayan shago ya zuba masa mai. Maƙwabtansa suka haɗo zare, allurai da almakashi. Da la'asar aka sauke keken a gaban Goggo.

Ta kau da kai. "Ku ɗauke. Ƙanwata ke yanka, ni in ɗinka. Ban taɓa hawa keke ba, sai tana gefena."

Anti ba ta matsa mata ba. Ta sa aka jingina shi jikin taga, aka bar shi nan.

A ajin akwai wata mai jego da ta haihu a sansanin, mijinta yana asibiti da karaya. Jaririnta a cikin rigar wani ƙato aka naɗe shi. Ita ce ta matso kusa da Goggo, ta ajiye yaron a cinyarta.

"Goggo, ban iya ɗinki ba, amma hannuna zai riƙe almakashi. Ki nuna min inda zan bi."

Goggo ta daɗe tana kallon yaron. Hawaye suka zubo mata, ta bar su suka gama zuba. Sannan ta auna ƙirjinsa da tafin hannu, ta ɗauki guntun alli daga bakin allo ta zana a jikin rigar.

"Bi layin nan. A hankali, ba nama kike yanka ba."

Kafin rana ta faɗi jariri ya samu riga daidai shi. Washegari layi ya kai har baranda, mai gyaran rediyo a kan gaba. Mata suka zauna suna warware ɗinki, wasu suna sa maɓalli, hira ta dawo ajin.

Da aka fara mayar da mutane sabbin matsugunai, telan ya aiko direba ya ce keken ya zama na Goggo. Anti kuma ta zo da wata magana: za a buɗe makaranta, yara da yawa ba su da kayan sawa, ƙungiya tana neman mai ɗinka musu.

Goggo ta dubi mai jego, wadda ke yanka da yaro a goye.

"Mun karɓa," ta ce. "Amma ki nemo mana keke na biyu. Yarinyar nan ta kusa fin ƙarfin almakashi."