Takardar da Masinja Ya Goge

Masinja ya rasu ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu a yi rajistar aurensa da matar da suka shekara talatin da huɗu tare. A kan kujerarsa ta bakin taga ya cika, ƙafafunsa cikin robar ruwan ɗumi. Matar na kan keken ɗinki. Ta ce sai da ta ƙarasa bakin wani zane sannan ta lura ya daina tari.

Bango ɗaya ya raba ni da su a gidajen ma'aikatan hukumar ruwa. Ni mita nake karantawa kafin in yi ritaya. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, har sunan aikin ya danne nasa. Matarsa, kowa a layin Inna Mai Keke yake ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba.

Farkon damina hukumar ta raba takarda ƙofa-ƙofa. Idan tsohon ma'aikaci ya rasu, matarsa za ta ci gaba da zama a gidan muddin ta kawo shaidar aure daga ofishin rajista. In babu, wata uku ta kwashe kayanta. A lokacin ƙafafun Masinja sun fara kumbura, likita kuma bai ɓoye masa komai ba.

"Malam, kai za ka yi mana shaida," ya ce mini. "Auren da aka ɗaura tun ba a haifi akawun rajistar ba, yau shi zai ce ya yarda."

"In sabon aure ne sai na yi shawara," in ji Inna daga kan keke.

"Shawarar me? Wa zai kwashi tsohuwa mai ciwon baya?"

"Ita ma tsohuwar ba ta ce tana son kumburarren tsoho ba."

Ofishin a saman bene yake. Da muka je, sau biyu Masinja ya tsaya a matattakala yana haki. Akawun, saurayi mai ladabi, ya karɓi fom da hotuna ya yi bayani: za a manna sanarwa a allon ƙofar ofis kwana ashirin da ɗaya, ko wani zai zo ya ce bai yarda ba. In ba wanda ya zo, miji da mata su sa hannu a gaban magatakarda da shaidu biyu.

"Yanzu wa zai ce bai yarda ba, ɗan nan?" Inna ta tambaya.

"Doka ce, Inna."

Ta samo allin tela, kullum da safe ta ja layi ɗaya a jikin teburin keke.

Allon sanarwar a waje yake, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo. Masinja kan shiga mota ya je ya duba, kamar mai duba shuka. Rana ta goma sha biyu aka wuni ana ruwa. Da la'asar ya tarar da takardar ta jiƙe, gefenta ya nannaɗe, tawada ta fara bin sunan matarsa. Mutumin da bai taɓa bari ɗigon ruwa ya taɓa fayil ɗin wani ba, bai iya barin tasa a haka ba. Ya ɓamɓare ta a hankali, ya sa a cikin riga, ya kawo gida.

Na shiga gaishe shi na tarar ya shimfiɗa ta tsakanin ƙyallaye biyu yana bi da dutsen guga.

Washegari na raka shi. Ya sa ta a farar leda, ya taho da ƙananan ƙusoshi huɗu. Yana cikin buga ta ƙarshe da ƙasan makulli akawun ya iso.

"Baba, kai ka cire ta jiya?"

"Ni ne, ɗana. Dubi yadda ta koma."

"Ta yi kyau." Akawun ya sunkuyar da kai. "Amma da aka zo tashi magatakarda ya ga gurbinta, ya rubuta. Sanarwar da ta bar allo, sai dai a sake lissafi daga ɗaya."

Na fara magana, Masinja ya riƙe mini hannu.

"Yana da gaskiya. Takardar ofis ba ta kwana a gidan masinja. Ni na koya wa yara haka."

Da bakinsa ya gaya wa Inna. Ina jin su ta bango.

"Kai da takarda!" ta ce. "Da haka kake lallaɓa jikinka, da ba mu kai nan ba."

"Sunanki ne yake gogewa."

"To da ya goge, ba ga ni ba?"

Da na leƙa da yamma, teburin keken a goge yake tas, layi ɗaya kawai a jiki.

Bai sake fita ba. Kumburin ya haura gwiwa, sannan ya daina iya kwanciya. Na shirya da wani direba da mutum biyu da za su ɗauke shi a kujera su hau benen. Kullum in na shiga sai ya ce, "Amarya, yau nawa?" Ita kuma ta duba teburin ta faɗa. Ranar Laraba ta ce masa sha tara.

Bayan mako guda na raka ta ofishin. Akawun ya taso ya durƙusa ya yi mata gaisuwa. Ya ce kwanakin sun cika, ba wanda ya kawo ƙorafi.

"To alhamdulillahi. Miƙo in dangwala."

"Hannu biyu ake so, Inna."

"Ai hannunsa na nan a fom. A gabanka ya sa."

"Wancan na neman izini ne."

Ya tambayi waɗanda suka halarci ɗaurin auren na asali. Ta lissafa mutum biyar. Duk sun rasu. Ya ce zai rubuta wa magatakarda, shi kuma ya rubuta sama, wataƙila a ce a je kotu. Bai ce yaushe ba.

Da muka sauko ta tsaya a gaban allon. Hotonsa na nan gefen nata, ya sa hular da yake zuwa aiki da ita. Ta ɗaga hannu ta taɓa kan ƙusa ɗaya. Na ce ko in roƙi akawun ya ba ta, tunda kwanakin sun cika.

"A'a, Malam," ta ce, ta janye hannun. "Bar ta. Kar su sake lissafi."

Takardar hukumar ruwa ta barin gida ta iso kwana goma bayan haka, mai gadi ya turo ta ƙarƙashin ƙofa. Yau saura kwana ashirin da shida wa'adin ya cika. Daga sama ba a amsa ba.

Jiya na bi ta ƙofar ofishin. Sauran sanarwoyin da ke allon duk ruwa ya wanke su, sun nannaɗe. Tasu ce kaɗai ake iya karantawa.