Mabiyiya a Cikin Kula

"Tashi, Sumayyah. Riƙe kafaɗata."

Sumayyah ba ta motsa ba. Tana jingine a bahon haihuwa, ruwan ɗumi har ƙirjinta, jaririya kwance a kanta an rufa mata tawul. Ruwan da ɗazu yake garau ya koma kalar zoɓo.

"Sister, minti biyar kawai," ta ce da Larabci, sannan ta maimaita da Hausarta mai nauyi, ta wadda aka haifa aka raina a Riyadh.

"A gado za ki huta. Cikin ruwa ba na iya sanin yawan jinin da kika zubar. Kofi ɗaya rina bahon nan yake yi, kofi biyar ma haka."

Sailuba ungozoma ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a Gusau, wannan ce ta shida a wani asibitin kuɗi na unguwar Al-Badi'a a nan Riyadh. Ta yanke cibiya, ta miƙa jaririyar ga nas 'yar Filifin da suke aiki tare. Ta kama Sumayyah ta hagu, Inna Delou ta kama ta dama, suka fito da ita tana ɗigar ruwa har gado.

Inna Delou 'yar Maraɗi ce. Aikin gida ya kawo ta wurin iyayen Sumayyah tun kafin a haife ta, ita ta goya ta, da aka yi mata aure kuma ta biyo ta. Wayar Sumayyah ta yi ƙara a hannunta. Mijin ne, Saifuddeen, yana hanya daga wurin aikinsa na Jubail.

"Mace ce," Inna Delou ta ce masa. "A'a, dakata da barkar. Ba a barka sai mabiyiya ta faɗo." Ta kashe.

Sailuba ta yi wa Sumayyah allurar matse mahaifa a cinya. Ta ɗora hannun hagu a ƙasan mararta, ta riƙe igiyar cibiya da na dama, ta jira. Igiyar ta ƙara tsawo, jini ya ɗan ɓulɓulo. Ta ja a hankali, ƙasa sannan sama, mabiyiyar ta sulɓo cikin tasa. Ta juya ta sau uku don tantanin ya biyo baya. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana.

"Yanzu dai barka," Inna Delou ta ce, ta shafa goshin Sumayyah.

Saura a shimfiɗa mabiyiyar a duba ko ta fito gaba ɗaya. Sailuba ta kai hannu ke nan nas ta kira ta. Jaririyar tana gurnani, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Sailuba ta rufe tasar da ƙyalle, ta ce wa nas ta kula da uwar, ta sunkuci yarinyar zuwa ɗakin jarirai.

Rabin awa ta yi a can. Sanyi ne ya ɗan taɓa yarinyar, da aka ɗumama ta numfashin ya daidaita. Da ta dawo ta tarar da tasar a gefen famfo, a wanke, a kife.

Ta tambayi nas. Nas ta ce ita ledar ƙarin ruwa kawai ta je ɗaukowa, ta zaci masu shara ne. Sailuba ta buɗe kwandon sharar, ta zazzage na zannuwa, ta leƙa banɗaki. Ta tare mai shara a baranda, matar ta rantse ba ta shiga ɗakin ba. Da ta sake shigowa sai ta lura da kunun da Inna Delou ta kawo wa mai jego. An juye shi a kofuna uku da wata robar asibiti, an jera a kan tebur. Kular da ya zo a ciki babu ita.

"Inna, ina kular?"

"Wace?"

"Inna."

Tsohuwar ta gyara zaman mayafinta. "Ta tafi inda ya kamata."

"Ina ne inda ya kamata?"

"Malama, ke fa Bahaushiya ce. Ko boko ya cinye wannan ma? Mabiyiya ba shara ba ce. Na ba Nafiou, ɗan ƙanena, direbanmu. Akwai wata magarya bayan garejinsu a unguwar Sulay, nan mutanenmu ke sa tasu. Na nuna mishi yadda za shi yi, cibiya ta kalli sama."

"Ban duba ta ba."

"Ni na duba. Lafiyarta lau."

Sailuba ta koma bakin gado. Ta ɗaga zanen da ke kan Sumayyah. Audugar da aka sa mata ta jiƙe. Ta danna marar, mahaifar ta yi laushi, ta murza, ta yi tauri, da ta saki kuma ta fara sakewa. Ta tattara audugar da shimfiɗar ƙasa ta ɗora a sikeli. Ɗari biyar da hamsin, ban da wanda ya tafi a ruwan baho, wanda ba wanda ya san yawansa.

Ta fita baranda ta kira Dakta Shafa'atu, likitar mata da ke bakin aiki.

"Wa ya duba mabiyiyar?" likitar ta tambaya tana sa safar hannu.

"Ba kowa, Dakta. Na bar ta ban duba ba."

"Ke, Sister? Da shekarunki?"

"Ni."

Likitar ta duba ko akwai tsagewa, ba ta samu ba. Ta sa a ƙara magani a ruwan da ke shiga jijiya. Aka gunguro na'urar hoto, ta daɗe tana kallon allon.

"Akwai abu, amma gudan jini da nama kamarsu ɗaya a wannan lokacin. In mabiyiyar cikakkiya ce, magani zai isa. In da saura a ciki, sai tiyata a kwashe." Ta cire safar. "Ku dawo min da ita in gani. Amma jinin nan in ya kai dubu, ba zan jira kowa ba."

Sumayyah ta ji kalmar. Ta riƙo rigar Sailuba. "Sister, saboda tsoron tiyata na zaɓi ruwa. Wata tara ina karatu a kai."

"Na sani. Kwanta."

Sailuba ta juya ga Inna Delou. "Kira shi."

"Ya riga ya kai yanzu. An taɓa tono abin da aka binne?"

"Yau za a fara."

"Ba ki san komi ba, Malama." Muryar tsohuwar ta yi ƙasa. "Randa aka haifi Sumayyah a asibitin Shumaisi ina wurin. Na roƙa a ba ni tata, aka yi mini dariya, aka tafi da ita cikin leda. Uwarta daga ita ba ta ƙara ba. Ko ɓari. Shekara ashirin tana zuwa wurin likitoci, ga mijinta ma likita. Ba za a yi mini sau biyu ba."

Sailuba ta san maganar. Kakarta ma haka take cewa, in aka wulaƙanta mabiyiya ko aka kife ta, haihuwa ta tsaya. Nata 'ya'yan uku duk a bayan ɗakin uwarta aka binne tasu, ba ta taɓa hanawa ba. Ba ta da lokacin faɗin wannan. Ta zare sabuwar audugar da ta sa minti bakwai da suka wuce, ta kamo hannun Inna Delou ta ɗora mata a tafi.

"Ji nauyinta. Kin binne don ta sake haihuwa. Sai tana raye za ta sake."

Tsohuwar ta dubi hannunta. Ta ajiye audugar, ta goge a zaninta, ta ciro waya daga lalita.

Nafiou ya ɗauka a kira na uku, ana jin bugun ƙarfe a bayansa. "Gwaggo, an gama. Har na yayyafa ruwa."

Sailuba ta karɓi wayar. "Malam Nafiou, ungozoma ce. Tono ta ka kawo."

"In tono? Hajiya, ni fa har na wanke hannu."

"A leda take?"

"Leda biyu da zane. Ni ban ma kalla ba, Gwaggo ta ƙulla alama ta wajen sama."

"To kada ka buɗe, kada ka wanke, kada ka sa shebur. Da hannu."

"Hajiya, lokacin tashin makarantu ne. Zahmar motocin da ke hanyar nan, ko motar asibiti sai ta yi haƙuri."

"Matar gidanku na zubar da jini."

Ta ji ƙarar makullin mota. "Ga ni nan."

Ƙarfe biyu saura biyar. Sailuba ta sa wa Sumayyah allurar ruwa ta biyu a ɗaya hannun, ta ɗebi jini ta aika a tanadi irinsa. Ta murza mara. Ta auna. Ɗari bakwai. Ta je taga ta leƙa wurin ajiye motoci, rana ta ƙwalle a kan gilasai, ba kowa sai mai gadi a inuwa. Ta dawo ta sake murzawa. Saifuddeen ya kira sau huɗu, a na biyar ta ɗauka ta ce masa ya tuƙa a hankali, kuma ya bar layin.

"Sister, ina jin sanyi."

Ta ƙara mata bargo, ta dubi bugun zuciyar a allo. Ya hau kaɗan.

Ta sake kiran direban. "Nafiou, kana ina?"

"Na hau babban titi. An yi karo a gaba, layi ɗaya ake bi."

Inna Delou ba ta zauna ba. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado, carbi a hannu ba ta ja. Ta ɗauki kofin kunu za ta ba Sumayyah.

"Kada ta sha komai, Inna. Ko ruwa."

"Mai jego ce."

"Mai jiran tiyata ce, sai mun ga abin da ya zo."

Ɗari takwas da hamsin. Dakta Shafa'atu ta leƙo, ta karanta lambar, ta ce a sanar da mai ba da maganin barci ya kasance kusa. Ba ta dubi kowa ba.

Biyu da rabi ta gota lokacin da Nafiou ya kira daga ƙofar asibiti. Mai gadi ya hana shi hawa da abinci, wai ba lokacin ziyara ba ne. Sailuba ta sauka da kanta, ba ta jira lif ba. Ta same shi dogo, wandonsa duk ƙasa, rungume da jar kula mai zanen furanni, yana ta yi wa mai gadi bayani da Larabcin gareji cewa wannan ba abinci ba ne. Ta karɓa ta juya. Ya biyo ta a baya, mai gadin ya ƙyale shi.

A ɗakin wanke kayan aiki ta kwance zanen, ta yaga ledojin. Yashi bai shiga ba. Ta shimfiɗa mabiyiyar a tire, ta goge gudajin jini, ta tallabe ta da tafuka biyu don curarrakin naman su haɗu. Sun haɗu, babu giɓi. Inna Delou tana tsaye a kafaɗarta.

"Ba na faɗa miki ba?"

Sailuba ta riƙe igiyar ta ɗaga, tantanin ya rataya kamar jaka. Ta zura hannu ciki ta buɗe shi a gaban fitila. Daga gefen naman wasu jijiyoyi biyu sun fita, sun bi ta cikin tantanin tsawon yatsa, sun ƙare a bakin wani rami zagayayye. Jijiya ba ta tafiya inda babu kowa.

"Kalli nan, Inna. Tana da 'yar ƙarama a gefe, kamar ɗan dankali. Ita ce ta tsinke ta zauna a ciki."

Tsohuwar ta matso da fuskarta. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Ban ɗaga ba," ta ce. "Naman kawai na duba."

Dakta Shafa'atu ta duba sau ɗaya ta ce a tafi tiyata. Nan da nan aka cire birkin gadon. Sumayyah tana kuka ba sauti, Sailuba tana tafe a gefenta tana gaya mata ba yanka za a yi ba, kwashewa ce, minti ashirin, za ta farka ta tarar da 'yarta. A ƙofar tiyata ma'aikatan ciki suka karɓe ta. Sailuba ta tsaya neman hula da takalmin shiga.

Inna Delou ta iso da kular a hannu, ta mayar da komai ciki ta rufe.

"Malama. Wadda ta rage ɗin, in an ciro, a ba ni. Ba a binne rabi."

"Akwai takardar da ake sa wa hannu, a ba ku abinku bayan an duba. Da kin tambaye ni."

"Wancan karon na tambaya."

Sailuba ta ɗaure hularta. Ta yago filasta daga aljihu, ta rubuta sunan Sumayyah da lambar ɗaki, ta manna a murfin kular.

"A firjinmu za ta jira, ba a hannunki ba. Zan yi wa Dakta magana."

Ta miƙa wa nas kular, ta tura ƙofa ta shiga. Kafin ƙofar ta rufe ta ji tsohuwar tana tambayar Nafiou, wanda ke rakuɓe a jikin bango yana kakkaɓe wando.

"Ka cike ramin?"

"Ina na ga lokaci, Gwaggo?"

"To, bar shi haka."