Layin da ke Gefen Takarda

A banki Jan Biro ake kiranta, don babu takardar ɗan kwangila da za ta ratsa teburinta ba ta sha ja ba. Aikinta ke nan. Duk kamfanin da ke son sayar wa banki kaya, ko da tsintsiya ce, sai ta binciko ko na waye kafin ta sa hannu.

Ranar Talata aka ajiye mata fayil uku, na kamfanoni uku masu takarar kawo kyamarorin tsaro. Suna daban, adireshi daban, hatimi daban. Komai tsaf, har tsaf ɗin ya yi yawa. Ta ɗaga takardar farko a hasken taga, sai ta ga wani siririn layi mai toka-toka a gefen hagu, daga sama har ƙasa. Ta ɗaga ta biyu, yana nan. Ta uku ma haka.

Mahaifinta gyaran firinta ya yi har ya koma ga Allah, kuma tun tana ƙarama ya nuna mata kowace na'ura da irin ɗingishinta. Wannan ɗingishin kuwa ta san shi. Kullum tana ganin sa a wasiƙun sashen sayayya, inda kawunta ke shugabanci. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar uban, shi ya kawo mata fom ɗin wannan aikin da hannunsa.

Ta kwashi takardun ta same shi a ofis, ta rufo ƙofa.

"A'a, yau Jan Biro ce da kanta? Kin sa hannun?"

"Kawu, firintarku na neman gyara."

"To ki kira mai gyara mana. Ni kika mayar bakanike?"

Ta shimfiɗa takardun uku, ta zaro wata wasiƙa daga tiren da ke gabansa ta jera kusa da su, ta bi layin da farce. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kyamarorin masu kyau ne, 'yar nan. Ba wanda aka cuta."

"An cuci duk wanda aka hana takara. Kamfani ɗaya ne ya sa riga uku, kuma a ɗakin nan aka ɗinka su."

"Wa zai lura da layi in ba ke ba? Halin ubanki sak." Ya yi ƙasa da murya. "Kin san in kika kai wannan sama, ƙafarki ba za ta ƙara taka gidana ba?"

Gidan da ta girma a ciki ke nan.

"Na sani, Kawu. Shi ya sa na fara zuwa nan. In kai ka fara faɗa wa masu binciken kuɗi da bakinka, da sauƙi. In takarda ce ta faɗa, babu."

"Ni kike ba wa'adi?"

"Ni hawa zan yi yanzu. Ta matakala zan bi, don in daɗe a hanya."

Ta tattara fayil ɗin ta fita. Ofishin masu bincike yana hawa na biyar. Ta taka a hankali, ba ta waiwaya ba, ba ta kuma tsaya ba. Tana hawa na huɗu ta ji takun takalmi mai nauyi daga ƙasa, da haki irin na mai ciwon gwiwa.

"Ke, marar kunya," in ji Kawu. "Ki jira babba ya shiga gaba."